Mutumin da Ya Tambayi Ina Ɗan Saniyar

Kowace safiya, kafin ɗalibai su iso cibiyar koyon aikin likitan dabbobi da ke bayan Dogon Dutsi, Malam Abdussalamu ya riga ya zaga garke, ya taɓa hancin kowace saniya. Shekara talatin yana haka, kuma a watan nan zai ajiye aiki.

Bara aka kawo wasu tabarau masu na'ura. In ɗalibi ya ɗaura, sai ya tsinci kansa a garken ƙarya, gaban wata saniya marar tozo, wadda ba ta harbi, da an matsa nono ya zubo. Darekta Abdulrazak ya ce daga yanzu an daina kai ɗalibai rugage. Malamai suka tafa. Ina wahalar tafi ga mai gudun kashin shanu a takalmi?

Abdussalamu ya ɗaura sau ɗaya ya cire. "Wagga saniya, ina ɗanta?" Aka bushe da dariya.

Shi kuwa ya ƙi sa hannu a takardar kammalawar kowa sai an je wata ruga a Dumega. A can Hauwa, ɗalibar da ta fi kowa maki cikin tabarau, ta durƙusa gun saniyar wani makiyayi, ta matsa hantsa, ko ɗigo. Ta ce ciwo ne, ta zuƙi allura. Allurar da za ta hana yaran gidan shan nono mako guda.

"Dakata, ɗiyata," in ji Abdussalamu. Ya kwance maraƙi daga dangwali, ya bar shi ya tsotsa. Sai ga nono ya sauko, har ƙwarya ta yi kumfa. Saniyarmu ba ta sakin nono sai ta ji bakin ɗanta.

Matar makiyayin ta kama haɓa. "Likita, ashe saniyarku ta lakkol, can makarantarku, juya ce?"

Kai ne, Malam, ka tambayi abin da masu digiri suka ji kunyar tambaya. Ba ka ƙi na'ura ba, ka ƙi a rantse da ita ne. An dawo da zuwa rugage, amma ban yarda da shirun ofishin Darekta ba. Jira suke ka tafi.

Mun gode, dattijo. Ku kuma malaman da kuka tafa, ga igiyar dangwalinsa rataye a ƙofar garke. Hauwa ta riga ta koyi kwance ta. Saura ku.