Ɗakin Baƙin Gidanmu da Jirgin Treichville

Shekarun baya, lokacin da rikici ya raba ƙasar nan biyu, jirgin ƙasa ya daina shigowa Abidjan, mu kuma saura ƙiris mu rasa ɗakin baƙin gidanmu.

Kakana ya san tashar Treichville tun jirgi na tafiya da gawayi. A nan layin dogo yake rabuwa, wani ya nufi bakin teku da kaya, wani ya haye gada, ya ratsa Adjamé, ya miƙe arewa har Wagadugu. Kakan nawa ya gina gida kusa da tashar, ya ware ɗaki ɗaya na bakin titi. Duk ranar jirgi sai ya je ya taho da Bahaushen da ya sauka ba shi da kowa, ya ci ya kwana kyauta har ya samu kansa. Mahaifina ya gada, ya riƙe har lokacin da motocin Adjamé suka kwashe fasinja, jirgi ya koma yawanci na kaya. Ya rasu ana tsakiyar rikicin, ciyawa ta rufe dogo.

Sai baffana, ƙanen mahaifina, ya ce a fasa bangon ɗakin a yi kabin na buga waya, tunda zamanin sauke baƙi ya wuce. Mahaifiyata ta ƙi. Aka yi ta ja, daga ƙarshe suka tsaya a kan cewa ranar da jirgin fasinja ya dawo, in ba a samu baƙo ba, ɗaki ya zama na Baffa.

Da ranar ta zo, ni aka tura, ni da nake gyaran rediyo a Adjamé, Hausata rabi Faransanci ce. Na ce wa mahaifiyata zan tsaya a ƙofar tasha in yi ta shela. Ta dube ni kamar na ce zan je da ganga.

"Babanka bai taɓa ɗaga murya a tasha ba," in ji ta. "Mai wurin zuwa shi ke rige-rigen fita. Marar kowa ba ya sauri. Ka tsaya sai wuri ya watse."

Baffa ya biyo ni don ya gani da idonsa. Tashar ta cika maƙil, an nome ciyawa, masu aloko, wato soyayyar ayaba, sun dawo da kaskonsu. Da jirgin ya yi kuka daga kan gada, na ga tsofaffin 'yan dako suna share hawaye, ni ma na juya baya na share nawa. Fasinja suka sauko, kowa da mai tarbarsa. Wuri ya yi ta raguwa. Baffa ya dafa ni ya ce in yi haƙuri mu tafi, har ya fara lissafa inda zai sa benci.

Na ce masa ban ga an rufe taragon ƙarshe ba.

Daga can wani dattijo ya sauko a hankali, ya miƙa hannu ya sauko da matarsa, idonta ɗaure da ƙyalle. Suka ajiye buhu suka tsaya suna fuskantar inda mutane suka bi. Na ƙarasa na yi sallama. Daga Maraɗi suke, asibitin ido suka zo, ɗan'uwan da suka dogara da shi kuma ya bar gari tun farkon rikici.

Na ce, "Baba, akwai masauki. On y va, mu je."

Baffa ya matso. Ya sunkuya ya saɓa buhun a kafaɗarsa, shi ya shige gaba har gida. Mahaifiyata na hango mu ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka fito suna tambaya ko aure ake yi. Ashe tun safe ta tuƙa tuwo har da na baƙin da ba ta gani ba.

Tashar ta canza sosai tun daga lokacin, jirgi bai cika kawo mutane ba, amma ɗakin na nan, kuma har yau ba na barin tasha sai na ga wanda ya sauka a ƙarshe. Na yi nasarori a rayuwa daidai gwargwado. Babu wadda ta kai min daɗin tafiyar nan a bayan Baffa, yana nishi da buhun baƙonmu.