Kawu Sale da Badrum ɗin da Ba a Haƙa Ba

Duk wanda ya san Kawu Sale ya san rodinsa. Wani guntun ƙarfe ne da ya tsinta tun yana tuƙa bas ɗin masu ziyara tsakanin Uhudu da Ƙuba, nan birnin Manzon Allah, ya naɗe kansa da tsohuwar roba ya mai da shi sanda. Ba don ƙafa yake riƙe shi ba, ƙafarsa lafiya lau. Ƙwanƙwasa abubuwa yake yi da shi. In ya shigo gidanka, kafin ya amsa sannu da zuwa sai ya buga tayil ɗin falo, ya karkata kai yana saurare, ya ce, "Bari mu ji ta bakin ƙasa." Ya ƙwanƙwasa kankana a kasuwa, ya ƙwanƙwasa tayar motar ango ranar ɗaurin aure. Akwai ranar da ya ƙwanƙwasa sabon firjin Umma, tun kafin a hau da shi bene, har ƙofar ta loɓa, ya ce ai firjin ne ba shi da gaskiya.

Yayan mahaifiyata ne. Kakanmu ya bar musu fili su biyu a unguwar Harra ta Yamma, Kawu kuma ya bar wa Umma rabonsa bisa sharaɗi ɗaya: ba za a dasa ko bulo guda ba sai da yardarsa. Lokacin da na tashi gina mata gida a wurin, muna zaune a shaƙƙa, wato sashen gidan haya, can saman bene, babu lif, ga gwiwoyin Umma sun fara ƙin ta. Ni a lissafina wata kaɗan ne mu tare. Na manta da Kawu.

Muhandis Usman, injiniyan gini, wani Bahaushen Sudan mai sanyin hali, shi ya zana mana gidan. Ya zaunar da mu ya ce harsashin iri uku ne, mu zaɓa. Ko a zuba daɓen kankare shimfiɗe a kan ƙasa a ɗora gida a kai. Ko a ɗaga gidan a kan gajerun ginshiƙai, a bar kogo a ƙarƙashi wanda mutum zai iya shiga da rarrafe ya gyara famfo. Ko kuma a haƙa badrum, cikakken ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Bai rufe baki ba Kawu ya ce badrum. Da ma yana gaba da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, wanda yake kira iskar haya. Ya ce Allah ya ajiye sanyi kyauta a cikin ƙasa, mutane suna sama suna sayen na kwali. Shi badrum yake so, ya jibge dabinonsa a gefe, ya yi ƙailula a gefe.

Muhandis ya yi masa bayani a hankali cewa wannan Harra ce, baƙin dutse ne tun daga sama har inda Allah ya sani.

"Dutsen ne ya faɗa maka, ko takarda?" in ji Kawu.

"Su biyun, ya ammi," wato ya kawu.

"To ni ban ji da kunnena ba."

Washegari da hantsi na je filin na same shi zaune a kan kwali yana zuba shayi. Ga diga a gefe, kanta ya fita ya yi nasa wuri. Tun da aka sallame Asuba yake sara, ramin da ya samu kuwa da ƙyar zai ɓoye butar shayin. Na gaishe shi, na tambaye shi abin da ƙasa ta ce.

"Ba ta ce a'a ba," ya ce. "Cewa ta yi in zo da wanda ya fi ni."

Haka aka kawo bokalin, motar haƙa mai dogon hannu, aka ɗaura mata ƙarfen fasa dutse. Ta yi kwanaki tana dukan wuri ɗaya, kofunan maƙwabta suna rawa a kabad, ana aiko mana da gaisuwar da ba gaisuwa ba ce. Ramin bai wuce ƙugu ba. Direban, mutumin Chadi, ya sauko ya ce wa Kawu in dai badrum ne a nan, to jikokinsa ne za su yi walimar buɗewa. Kawu ya ce matsalar direban ita ce tausayin dutse yake ji.

Ganin haka Muhandis ya ce ko za a raba gardama a ɗauki na tsakiya, mai kogon. Kawu ya ce sai ya gani da idonsa. Aka kai mu wani gidan hutu a bayan Uhudu da aka gina a haka. Ga 'yar ƙofar kogon a gindin bango, tsawonta bai kai gwiwa ba. Muka ce ya leƙa da fitilar waya ya isa. Ina! Ya tattare tob ɗinsa, farar jallabiyar nan, ya tura rodi a gaba, ya bi shi da rub da ciki, har ya rage sai tafin ƙafarsa muke gani. Can sai muka ji wani irin huci daga ciki, ashe mage ce ta haihu a wurin. Sai muryar Kawu ƙasa-ƙasa.

"Habibu, ja ni. Amma a hankali, kada ta ɗauka gudu nake yi."

Ni da Muhandis muka kama ƙafa ɗai-ɗai muka jawo shi kamar tabarma. Tob ya koma ruwan toka, hula ta zauna a ciki, har yau tana can. Ya miƙe ya kaɗe jiki, ya ce shi ba zai gina gidan da mage ce mai ƙasa, mutane 'yan haya a sama ba. A koma maganar badrum.

A lokacin ina dariya a waje, amma abin yana damuna. Wata ya bi wata, fili yana nan da raminsa. Umma ta daina zuwa Harami, masallacin Annabi, sallar Juma'a saboda matakala, ita da ba ta taɓa fashi ba. Na roƙe ta ta yi wa yayanta magana, ta ce ba ta tsallake maganar Yaya tana yarinya ba, ba za ta fara da furfura ba. Ni kuwa wa ya aike ni? Sai addu'a.

Addu'ar ta zo da ruwa. Kawu yana da aboki a unguwar Ƙurban, Alhaji Ɗahiru, mai badrum ɗin da kullum yake ba mu misali da shi. Can yake ajiye katan-katan ɗin dabinonsa, har da tsohuwar kujerar bas da yake kishingiɗa a kai. Da sanyin shekarar aka tafka ruwan sama irin wanda yake mai da titi kogi. Ruwa ya bi gangaren ya shige badrum, injin zuƙe ruwan da aka saka tun ginin gidan kuma ya ƙi tashi, don ba wanda ya taɓa gwada shi. Na kai Kawu da rana. Muka tsaya a bakin matakala, ga dabino yana yawo a kan ruwa, ga kujerar bas tana juyi a tsakiya. Kawu ya zura rodinsa har hannunsa ya jiƙe, bai taɓo komai ba. Na kasa daurewa, na ce ko za mu ji ta bakin ƙasa.

"Bakinta cike yake da ruwa, ya walad," wato kai yaro. "Ba ka da ido?"

Daga nan ya ce in kai shi wajen ƙanwarsa. Da ma shi ba ya hawa shaƙƙarmu, a ƙasa yake tsayawa ya yi ta danna hon sai an leƙo. Ranar ya hau. A tsakiyar benen ya tsaya ya dafa bango yana haki, ya dube ni ya ce, "Nan take bi kullum?" Na ce nan take bi, shi ya sa ma ta daina fita. Ya saki bangon, muka ƙarasa sama.

Ya sha shayi, ya sa na kira Muhandis a waya na buɗe murya. Sai ga Kawu yana faɗa, wai shi tun farko ya ce a zuba daɓe a huta, muka tsaya muna kawo masa ramuka iri-iri, yau na dutse gobe na mage. Na buɗe baki, Umma ta mintsine ni a cinya. Muhandis Usman, Allah ya saka masa da alheri, ya ce, "Sahih, ya ammi. Mu ne muka ɓata maka lokaci." Na fita baranda na yi ta hamdala kamar wanda aka sauke wa buhun siminti daga ka.

Daga ranar da aka zuba kankaren, Kawu ya zama mai gadinsa. Safe da yamma yana can da tiyo yana ba shi ruwa, yana korar maguna da sunan waccan ta Uhudu. Ramin bokalin kuwa ya hana a cike shi. Muhandis ya duba ya ce ai daidai yake da tankin ruwa na ƙasa, in aka ɗan ƙara masa. Shi ke nan Kawu ya samu abin faɗa. Duk baƙon da ya zo sai ya kai shi ya nuna masa murfin tankin.

"Ga badrum ɗina. Bambancinsa da na Ɗahiru, ni da gangan na zuba ruwan."

Umma ta tare. Daga ƙofar mota har bakin gadonta babu tudu ko ɗaya, ta koma Juma'arta. Da ciwo ya kwantar da Kawu, ita ta ce a kawo mata yayanta, aka turo shi a keken marasa lafiya har ɗakin da ke kallon tsakar gida. Nan suka yi watanninsa na ƙarshe, tana ba shi kunu a cokali, suna musu a kan wace hanya mahaifinsu ya biyo da ya taho daga Kano. Ba su taɓa daidaitawa ba. A ɗakin ya cika tana riƙe da hannunsa, aka yi masa salla a Harami, muka raka shi maƙabartar Baƙi'a.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa. Ya ba Umma haƙurin rashin yayanta, ya haɗa su a inda babu rabuwa. Amin.