Bakin Mai Busa

Ganga nake kaɗawa a cocinmu na 'yan Filato mazauna Amurka lokacin da wani dattijo, baƙar fatar Amurka, ya ji hannuna, ya ce in shiga ƙungiyarsa ta kiɗan blues. Hamonika yake busawa, ɗan ƙarfen nan da ke ɓacewa cikin tafin hannu, kuma tun kafin a haife ni yake jagorancin makaɗa. Baba nake ce masa. Mutum ne mai zafi. In ka kuskure kiɗa, harara ɗaya zai yi maka, sai an tashi ya wanke ka tas.

Mai gitarmu wani ƙaton saurayi ne da ke zuwa wasa a buge. Ran nan Baba ya kore shi a gaban kowa.

Asabar ɗin da ta biyo muna wasan biki a wata gonar dawaki a Summerfield, rana tsaka. Baba ya rufe ido yana busa. Na hango korarren yana ratso mutane da kwalbar giya a hannu, na ɗauka haƙuri zai bayar. Sai ya hau dandamali ya maka wa Baba kwalbar a baki. Hamonikar ta tsaga leɓe, haƙora biyu suka faɗo kan katako.

Ban san sanda na tsallake gangunan ba. Na fizgi sandar makirufo na rafka masa a kafaɗa. Ya faɗi, ban daina ba, har na ji ƙashi ya ce ƙas. Mata na ihu, dawaki na haniniya.

Baba ya damƙo rigata, jini na bin gemunsa.

"Sake shi, ɗana," ya ce da ƙyar. "Shi a nan aka haife shi. Kai in suka kama ka, jirgi za su sa ka."

Da 'yan sanda suka zo, ya ce musu ransa na ceta. Ba su tafi da ni ba.

Sai da kaka ta shigo ya sake busa, a wani shagon kofi a Elm Street. Iska na zurarewa ta gefen ɗinkin leɓensa, muryoyin sama sun ƙi fita. Ya sa muka sauke duk waƙoƙin ƙasa, muka ci gaba a haka har numfashinsa ya gaza.

Saurayin kuwa, na taɓa ganinsa a wani sito a Wendover yana jan kwali da hannu ɗaya, ɗayan a maƙale jikin ƙirji. Ya gane ni. Na juya na fita ban ɗauki abin da ya kai ni ba.