Tsohuwar Da Ta Yi Wa Motata Fifita

Jama'a, wallahi wannan ni ya faru da ni, a shekarun yunwar nan da mutanenmu suka cinye har irin shuka. Lokacin ina jan wata tsohuwar a-kori-kura a yankin Dawakin Tofa, sai ga ruwan farko ya sauka, mai gari ya ce in yi maza Kano in ɗauko irin gero, don in ƙasa ta bushe ba a shuka ba, to wannan shekarar ma mun kaɗe.

Ina dawowa da rana tsaka allurar zafi ta haye ja, lagireto ya hau tafasa. Na tsaya, na jira ya huce, na ɗura ruwa, na duba fambel lafiya lau, amma da na ɗan taɓa tafiya sai ta koma gidan jiya. Ina kallon ƙasa tana shan iska, wallahi har ƙwalla na yi.

Sai na ji an ce, "Sannu ɗan nan." Wata 'yar tsohuwa ce da faifai a hannu.

Na ce, "Inna, ruwa nake ta ba ta, ta ƙi."

Ta ce, "Kai dai da garaje! Ba ƙishirwa take ji ba, numfashi ta rasa. Kauce."

Sau ɗaya ta kaɗa faifan nan a hancin motar, wata iska mai sanyi ta taso har hulata ta faɗi, sai ga fukafukan shinge, ƙwarin nan da ke tashi in an yi ruwa, suna ta bulbulowa daga ramukan lagireto. Ashe shingen da na keta jiya da magariba ne suka toshe shi! Na leƙa allura, ta sauko. Na juyo in yi godiya, ba kowa, kuma ko sawunta babu a jiƙaƙƙiyar ƙasar nan.

Na taka mota ina kabbara, kafin la'asar garinmu kowa ya duƙa shuka, mata na guɗa. Shekarar nan rumbunanmu sai da suka cika, Alhamdu lillahi!

Da kaka na kai mata damin gero. Na tambaya ƙauye-ƙauye, ba wanda ya san ta, sai na ajiye a inda muka haɗu. Ban gama juya mota ba na ji ana sussuka a bayana. Na waiga, ba dami, ba mutum.

Direbobi, ku riƙa share gaban lagireto. In kuma tsohuwa ta yi muku sannu a hanya, ku amsa da ladabi, ba ku san ko wace ce ba.