Shekarar da Ruwa Ya Kwanta a Gonar Baffa

Shekarar da ƙafafun Baffa, yayan mahaifina, suka fara kumbura, ni na karɓi gonarsa ta bakin fadama a Yako. Ba don ina so ba. 'Ya'yansa duk suna birni, ni kaɗai na rage kusa.

Na yi huɗa, na dasa attaruhu, ya kama da kyau. Sai marka ta sauka, a wuni ana ruwa a tashi ana ruwa, har ya kwanta tsakanin kunyoyi ya ƙi tafiya. Ganye ya yi rawaya ya fara zuba. Na tumɓuke ɗaya, na ga saiwar ta yi baƙi tana wari.

Na je na ɗauko Baffa a babur. Da ƙyar ya sauka, na kife masa bokiti ya zauna. Ya daɗe yana kallon gonar.

Na ce, "Baffa, ko in ƙara masa taki?"

Ya ce, "Ba yunwa yake ji ba, numfashi ya rasa. Fara cire masa ruwan nan."

Ya nuna mini da sandarsa inda ƙasa ta fi gangara, ya ce in haƙa hanya daga nan har rafi. In tara ƙasa a gindin waɗanda suka rage. Waɗanda suka ruɓe in kwashe su in kai nesa, kada in bar su cikin gona. Kashin shanu kuwa, sai wanda ya shekara ya bushe. Ɗanye ƙona shuka yake yi.

"Baɗi ka ɗaga kunya ta kai gwiwa," in ji shi, "ka ba su tazara iska ta riƙa ratsawa."

Sannan ya ce a tsohon garinsu, kafin ruwan madatsar Tiga ya cinye shi, gonarsu jigawa ce, ruwa roƙonsa ake yi. "Tun da aka tashe mu nake faɗa da shi. Na gaji, ɗana."

Na shiga haƙa. Taɓo ya riƙe fartanya, ruwa ya ci tsakanin yatsun ƙafata, hannuwana suka yi kanta suka fashe. In na gyara hanyar yau, gobe ruwa ya rushe ta, in sake. Da yamma ko tuwo ba na iya gamawa sai barci.

Wajen rabi ya tsira. Da ya nuna, na kai wa Baffa tsinkar farko a kwano. Ya ɗauki ɗaya ya sansana, ya mayar. A lokacin an riga an hana shi cin yaji.

"Za ka sake baɗi?" ya tambaye ni.

Na ce, "Ban sani ba, Baffa."

Ya gyaɗa kai, ya ce in miƙo masa buta, la'asar ta yi. Bai ƙara taka gonar ba. Ni kuwa har yanzu ina can, kuma duk marka sai na sake haƙa hanyar nan.