Matar da Ta Ƙirga Minti Shida

Ƙarfe bakwai saura kwata take shigowa asibitinmu, kafin masu shara su gama wanke baranda. Ofishinta wani ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin bene, babu taga, fanka ɗaya mai kuka. Tana ajiye jaka sai ta fara zagaye: ɗakin kati, ɗakin gwaji, ɗakin magani, sannan ɗakunan marasa lafiya hawa-hawa. Kwamfuta arba'in da uku ne a ginin, kuma ta san halin kowace kamar ita ta haife ta. Saboda wayoyin kwamfuta da kullum ke rataye a wuyanta muke ce mata Anti Waya. Da keken rubutu ta fara aiki shekara ashirin da shida da suka wuce. Ita ta koya wa kanta sauran.

Doka ɗaya gare ta. Duk sabuntawar da ta zo wa babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutocin, sai ta yi mako guda a na'ura ɗaya a ɗakinta kafin ta bar ta ta shiga sauran. Likitoci kan tsokane ta, "Anti, duniya ta wuce, ke kina nan kina ɗanɗane." Sai ta ce, "Kai ma ɗana, ai ba ka ba mutum arba'in sabon magani rana ɗaya."

A watan jiya 'yarta ta haihu, ta ɗauki hutun kwana huɗu. A ranar farko Mataimakin Darakta ya zaga ofisoshi, ya ga saƙon neman sabuntawa a kowane allo. Masu duba asibitoci na tafe, ya ce abin kunya ne baƙi su gani. Ya ba da umarni kowa ya danna. Kowa ya danna, har da waɗanda suka san dokar Anti. Babu wanda ya ce a jira.

Washegari asibiti ya tsaya. Burauzar da muke buɗe bayanan marasa lafiya da ita sai ta daskare ana tsakiyar rubutu, linzamin kwamfuta ya ƙi motsi, netwok ya ɗauke. Nas ta rubuta magungunan mutum goma, komai ya ɓace. Sakamakon gwaji ya fito a ƙasa, amma ya ƙi isa sama. Manyanmu suka shiga taro.

Anti kuwa kafin azahar ta iso, da takalmin gida a ƙafarta. Shugabar nas-nas ta ɗakin yara ce ta ba ni labarin abin da ta gani. Ta ce Anti ba ta tambayi wa ya danna ba. Ta ja kujera, ta cire agogon hannunta ta ajiye gaban allo, ta buɗe burauza ta zuba mata ido. Ta daskare, ta sake buɗewa. Sau biyar ta yi haka, sannan ta miƙe.

"Minti bakwai take yi ta mutu," in ji ta. "Don haka a minti shida kowa ya adana abin da ya rubuta, ya rufe, ya sake buɗewa."

"Anti, da allura za mu ji ko da agogo?" in ji shugabar nas-nas ɗin.

"Ku ji da allura, ni zan ji da agogon."

Mayar da kowace kwamfuta tsohon tsarinta na cin kusan awa ɗaya, kuma ɗaya bayan ɗaya ake yi. Kwana uku ke nan ga mutum guda. A kwana ukun nan, tana gyara wata na'ura tana leƙowa baranda tana cewa, "Minti shida, a adana." Ta sa kowane hawa ya saita ƙararrawar waya. Wani tsoho da ke kwance a gadon bakin ƙofa ya haddace, har yana riga ta faɗa. Da sakamakon jinin wata yarinya ya maƙale a ɗakin gwaji, likita na jira ya san ko za a ƙara mata jini, Anti ta sauka ta kwafe shi da biro, ta hau bene hawa uku da gwiwar da ta daɗe tana ciwo. Daga lokacin da ta shigo, bayanin majiyyaci ko ɗaya bai sake ɓacewa ba.

Ke ce kika riƙe ginin nan, Anti, lokacin da masu manyan kujeru ke neman kalmar da za su rubuta a rahoto. Ke ce garkuwar waɗanda ba su ma san da ke ba.

To ga kalmar da suka samo: "sakacin sashen kwamfuta". Sashen kwamfuta mutum ɗaya ne. Wanda ya shugabanci kwamitin binciken shi ne wanda ya ce a danna. An ba ta takardar tuhuma, an saka kwafi a fayil ɗinta, saura mako biyu ta yi ritaya.

Na same ta a ɗakinta tana naɗe wayoyi. Na ce mu tayar da magana.

"'Yata, ba faɗa nake so ba," ta ce. "Shekara ashirin da shida ko makara ba a taɓa rubuta mini ba. Takardar nan kaɗai nake so a cire. Ba na son ta zama ita ce ta ƙarshe a fayil ɗina."

Na rubuta abin da ya faru a shafi guda, na zaga da shi neman sa hannu. Mu fiye da sittin muka ga abin da idonmu. Mutum biyar suka sa hannu. Wani ya ce yana jiran ƙarin girma. Wata ta ce Allah zai saka mata, ta ci gaba da latsa waya. Wani likita da Anti ta ceto masa aikin yini guda ya ce, "Ai ritaya za ta yi, me takardar za ta rage mata?" Wannan shi ne ciwonmu, kuma ya fi na kwamfuta muni. Mun iya addu'a ga wanda aka zalunta, amma biro ya yi mana nauyi.

Ranar Juma'a za a rufe fayil ɗin a aika hedikwata. Daga nan ba ya dawowa. Ba a ɗauki wanda zai gaje ta ba, an ce kwamfutocin za su riƙa sabunta kansu.

Mun gode, Anti. Mun gode da kwana ukun, da shekarun da ba mu ma lura ba saboda komai na tafiya daidai. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa, ya raya jikarki. Mu da muka rage, in ba za mu iya yin aiki irin nata ba, mu gwada abu mafi ƙanƙanta daga halinta: ta ga ɓarna, ta tashi. Takardar neman sa hannun tana kan teburin ɗakin magani har ƙarfe sha biyun ranar Juma'a. Yau Laraba, kuma har yanzu sunaye biyar ne.