Na Tafi Neman Wanda Ya Ce

Tun ranar da Inna ta zo ta ɗauki Ummi yaye, hankalina bai kwanta ba. Ko waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Ga shi 'yar fari ce, ba dama in nuna a gaban surukai. Dokar yaye kuwa kowa ya san ta, uwa ba ta leƙa yaro sai ya manta da nono.

Ran Talata da la'asar Nura, ƙanin maigidana da ke kwaleji, ya kunna wani saƙon murya a tsakar gida. Da Turanci ne, amma na ji sunan Soba sarai, kuma ta can ƙauyenmu yake.

Na ce, "Nura, me yake cewa?"

"Wai an ruwaito yara na amai da gudawa a wasu ƙauyuka. Ana jin ruwan rijiya ne."

"Wa ya ruwaito?"

"Matar yaya ke nan, 'yar jarida! Haka masu Turanci suke yi in ba sa so a kama su da magana. Sai su ce an ruwaito, ana zato, an yi imani. 'An ce' ɗinmu ne dai, sai dai nasu ya sa kwat."

"To wa ke jin ruwan rijiya ne?"

"Ana ji dai."

Na kira wayar maƙwabcin Inna, a kashe. Na ce wa Malam, maigidana, ina so in je gaida Inna. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce in dawo kafin magariba.

Laraba, Ƙofar Kuyambana

Ana idar da sallar asuba na fito, ko koko ban sha ba. An yi ruwa, lungunmu duk taɓo. Na samu Keke Napep a bakin ƙofa ya kai ni tasha. Motar Soba ba ta cika ba sai da rana ta fito sosai, aka cusa mu huɗu a baya da buhun taki a ƙarƙashin ƙafafunmu.

Hanyar Soba

Na kasa haƙuri na tambayi matar da ke gefena, wata mai sarin daddawa. Ta ce, "Ai an ce har an rufe rijiyoyi." Direba ya ce ba rijiya ba ce, an ce ɗanyar gyaɗa yaran suka ci. Wani dattijo a gaba ya ce duk ba haka ba ne, abin a wata jiha ya faru. Kowa na tambaya wa ya gaya masa, sai ya ce ai magana ce a gari.

A wani shinge ɗan sanda ya leƙo ta taga. Na yi ta maza na tambaye shi.

"Hajiya, ana bincike."

"Wa ke yi, ranka ya daɗe?"

"Direba, wuce!"

Motar ta kwashe da dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Soba

Na shiga wani kemis kusa da tasha, don na ce mai sayar da magani shi zai fara sani. Ya ce shi ma ya ji saƙon, har yana ganin bara ya ji irinsa da sunan wani gari daban. Raina ya fara sanyi, sai ya ƙara da cewa, "Amma fa ba a ƙaryata ba." Na tambaya wa zai ƙaryata. Ya ɗaga kafaɗa, ya sayar min da garin gishiri da sukari na leda.

Ɗan acaɓan da ya ɗauke ni ya ce jiya ma ya kai kaya ƙauyenmu, bai ga kowa a kwance ba. "Sai dai an ce…" Na ce, "Malam, don Allah dubi hanya."

Ƙauye

Hantsi ya yi muka isa. Inna tana jan ruwa a rijiyar ƙofar gida. Tana ganina ta saki guga, ta finciko ni bayan rumbu.

"Ke, me ya kawo ki? Sai yanzu da ta daina kukan dare za ki zo ki rushe min aiki?"

"Inna, an ce yara…"

"Wa ya ce?"

Na ce, "An ce dai, Inna."

Ta nuna min wata kafa a jikin danga. Na sa ido. Ga Ummi can zaune a tabarma, fuska duk kunu, tana kai wa 'yan tsaki duka da ludayi. Kumatunta har sun ƙaru. Sai na ji gaban rigata ya jiƙe. Ta ɗago kai ta dubi danga, Inna ta danne min kai ƙasa. A tsugune na ci dambu a bayan rumbu, na kora da ruwan rijiyar nan. Ko ɗan yatsan 'yata ban taɓa ba na juyo.

Komowa

La'asar sakaliya na sauka a Ƙofar Kuyambana, na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina shiga lungu maƙwabciyarmu Hajiya Balaraba ta tare ni.

"Sannu, ya mai jiki? An ce Ummi na kwance rai a hannun Allah, uwarta ta fita tun asuba ko mayafin kirki babu."

"Hajiya, wa ya ce?"

"An ce dai. Ai Talatu ta lungun nan ma gobe za ta je ɗauko nata yaron da ke yaye a can Soba."

Ban shiga gida ba sai da na je gidan su Talatu. Na ce mata, "Ni Hadiza, da idona na gani, da bakina na sha ruwan."

Har yanzu ban san ko akwai ƙauyen da abin ya faru ba, kuma ban san wanda ya fara faɗa ba. Roƙona gare ku ɗaya ne. In za ku kawo wa uwa labarin da ya shafi ɗanta, da Hausa ne ko da Turanci, ku zo da sunan wanda ya gani. In ba ku da shi, ku bar ta ta sha kokonta.